Daga Ina Wuta Take Zuwa? Wasannin Kwamfuta da Tattalin Lantarki a Gidajen Zango

A yawancin gidajenmu na Zango, yaro yakan iya kunna fanka tun kafin ya iya haɗa baƙi a allo. Ya san maɓallin fitila, ya san inda ake jona cajin salula, ya kuma san shewar da yaran unguwa kan yi idan wuta ta dawo bayan an ɗauke ta. Amma da za ka tambaye shi daga ina wutar take zuwa, amsar da za ka samu ba za ta wuce bango ko kamfanin CEET ba. Babu laifin yaron a cikin wannan. Ruwa ana ganinsa yana raguwa a randa, gawayi ma ana ganin buhunsa yana lanƙwashewa kullum, ita kuwa wutar lantarki ba ta da jikin da ido zai gani. Abin da mutum bai ga raguwarsa ba, da wuya ya yi tattalinsa.

A nan ne wasu wasannin kwamfuta suke da amfani, domin an tsara su ne don su nuna wa yaro abin da yake ɓoye a bayan maɓalli: inda ake samar da wuta, hanyar da take bi, da abin da kan faru idan masu buƙata suka fi ƙarfin abin da ake samarwa. Sai dai duk waɗannan wasanni a ƙasashe masu nisa aka ƙirƙire su, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya san Lome. Darasinsu ba zai zauna a kan yaro ba sai iyaye sun ɗaura shi da mitar da ke jikin bangon gidansu da kuma labarin wutar ƙasar nan. Saboda haka bari mu fara da wannan labarin, domin uba ko uwa su samu abin faɗa idan yaro ya yi tambaya.

Doguwar tafiyar wutar Lome

Kamfanin CEET da ke raba mana wuta an kafa shi a shekarar 1963, amma kaso mai yawa na wutar da yake rabawa sayo shi ake yi daga maƙwabta. A shekarar 1968 Togo da Dahome, wato Jamhuriyar Benin ta yau, suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai suna CEB, wadda hedikwatarta take nan Lome, domin sayo wuta da jigilarta. Daga shekarar 1972 aka fara jawo wuta daga madatsar ruwa ta Akosombo da ke kan kogin Volta a ƙasar Gana, wadda aka gama ginawa a 1965. A shekarar 1987 aka buɗe madatsar Nangbeto a kan kogin Mono, gabas da Atakpame, mai ƙarfin kimanin megawat 65. Domin mai karatu ya gane wannan awo, megawat ɗaya zai iya kunna ƙananan ƙwayayen fitila na zamani fiye da 100,000 a lokaci guda.

Dogaro da ruwa yana da nasa haɗarin. A shekarar 1998 fari ya sa ruwan tafkin Akosombo ya ja baya ƙwarai, Lome ta shiga duhu na tsawon watanni, masu ɗinki da walda da masu sayar da ruwan sanyi da ƙanƙara suka ji a jikinsu. Haka aka sake sha a 2006 da 2007. Tun daga lokacin kalmar delestaj ta zauna a bakin kowa, har tsofaffin da ba su taɓa shiga lakwal ba. Bayan haka ne aka shiga neman wasu hanyoyi. A 2007 aka haɗa layin CEB da na Najeriya ta garin Sakete na ƙasar Benin. A 2010 kamfanin ContourGlobal ya buɗe tasha mai megawat 100 a Lome, wadda injinanta ke iya ƙona mai ko iskar gas. A 2021 aka ƙaddamar da tashar Kekeli mai megawat 65 a yankin tashar jiragen ruwa, kuma a watan Yuni na wannan shekarar aka buɗe tashar hasken rana ta Blitta da megawat 50, aka kuma faɗaɗa ta daga baya. Ita iskar gas da tashoshin Lome ke ƙonawa, bututu ne yake kawo ta daga Najeriya ta ƙarƙashin teku, ya ratsa gaɓar Kwatano da Lome har zuwa Gana. Lokacin da gas ya yi ƙaranci a shekarar 2024, sai ga delestaj ya dawo mana sabo.

Ashe ke nan fitilar da ke ɗakin yaro tana da alaƙa da damina a arewacin Gana, da rijiyoyin gas na Najeriya, da zafin ranar Blitta. Wannan bayani yana da nauyi a kan ɗan shekara takwas idan da baki aka yi masa, amma Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Wasanni uku da ya kamata iyaye su sani

Na farko, kuma wanda ya fi dacewa da ƙananan yara, yana cikin tarin wasanni mai suna GCompris. Wani Bafaranshe mai suna Bruno Coudoin ne ya fara shi a shekarar 2000, kuma sunan nasa wasa ne da kalmomin Faransanci masu ma'anar na gane. An yi shi domin yara masu shekara 2 zuwa 10, yana da darussa fiye da ɗari, kyauta ne, babu talla a cikinsa, yana magana da Faransanci, kuma da zarar an sauke shi a kwamfuta ko a wayar Android ba ya buƙatar intanet. A cikinsa akwai wasa kan makamashi mai sabuntuwa. Wani tsuntsu mai suna Tux ne yake dawowa gida daga kamun kifi, ya tarar babu wuta, aikin yaro kuwa shi ne ya samar masa da ita. Sai ya taɓa rana ta fito, ruwan teku ya tashi ya zama girgije, a yi ruwan sama, madatsa ta cika, injin ya juya, sannan ya kunna taransifoma ɗaya bayan ɗaya har wuta ta isa gidan. A matakan gaba ana ƙara masa injinan iska da allunan hasken rana, kuma akwai lambobi masu nuna yawan abin da ake samarwa da yawan abin da ake ci. Idan abin da ake samarwa bai kai ba, wutar ba za ta ishi kowa ba. Yaron da ya ga haka da idonsa ya riga ya fahimci asalin abin da ya faru a Lome a 1998, saura kawai a faɗa masa cewa madatsar da ke cikin wasan a nan Nangbeto ake ce mata.

Na biyu ya fi dacewa da ɗaliban ƙarshen firamare da na kwaleji. Sunansa PhET, kuma Jami'ar Kolorado ta ƙasar Amurka ce take kula da shi. Masanin kimiyya Carl Wieman, wanda ya ci lambar Nobel a 2001, shi ya kafa shi a 2002. Tarin gwaje-gwajen kimiyya ne da ake yi a fuskar kwamfuta, an fassara su da Faransanci, kuma ana iya sauke kowane ɗaya a riƙa buɗe shi ba tare da intanet ba. A cikin gwajin da ya shafi siffofin makamashi da sauyawarsu, ɗalibi yakan zaɓi mafari, ko famfon ruwa, ko rana, ko tururin buta, ko kuma yaro a kan keke, sannan ya haɗa shi da janareto ko allon rana, ya jona masa fitila ko fanka. Wasu ƙananan alamomi ne suke tafiya a cikin waya suna nuna inda ƙarfin yake zuwa. Idan ya tara gajimare a gaban rana, sai hasken fitila ya ragu. Mai tuƙa keken yakan gaji ya tsaya, ba zai ci gaba ba sai an ba shi abinci. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne idan aka gwada tsohon ƙwan fitila mai zare da na zamani: a tsohon, yawancin ƙarfin zafi yake zama ya watse, kaɗan ne yake zama haske. Akwai kuma gwajin haɗa wayoyi da batir, wanda idan ɗalibi ya haɗa su ba daidai ba sai batirin ya kama da wuta a fuskar kwamfutar. Gara ya ga wannan gobara a can da ya gan ta a ɗakin uwarsa.

Na uku su ne wasannin gina birni, waɗanda kakansu shi ne SimCity da ya fito a 1989. A cikinsu mai wasa shi ne magajin gari, da baitulmali a hannunsa. Idan ya gina tashar kwal mai araha, hayaƙi ya dami jama'a. Idan ya zaɓi mai tsabta, kuɗi su yi ƙasa. Idan kuma bai gina komai ba, unguwanni su zauna a duhu mutane su yi ƙaura. Darasin da matashi yake samu a nan shi ne kowace hanyar samar da wuta tana da farashinta, kuma mai yanke shawara dole ya auna.

A yi hattara

Ba duk abin da aka rubuta wa sunan ilimi ne yake ilimi ba. Abu na farko da uba zai tambaya shi ne wa ya yi wasan, kuma me yake sayarwa. A shekarar 2007 kamfanin mai na Chevron ya fitar da wasa mai suna Energyville, a wannan shekarar kuma kamfanin wuta na Genesis Energy a ƙasar Niyu Zilan ya fitar da ElectroCity domin 'yan makaranta. An amfana da su, amma mai sayar da kaya ba zai kushe hajarsa ba, saboda haka irin waɗannan sai da babba a kusa. Bugu da ƙari, da yawa daga wasannin wancan zamani an gina su ne a kan manhajar Flash, wadda aka daina aiki da ita a ƙarshen 2020. Wanda ya ga sunansu a tsohon littafi kada ya ɓata kuɗin intanet yana nemansu.

Abu na biyu shi ne talla. Yawancin wasannin kyauta da ke cikin wayoyi da talla suke cin abinci, kuma a cikin tallan akwai na caca da hotunan da ba mu so yaranmu su gani. Dabara mai sauƙi ita ce babba ya sauke wasan da kansa, ya buga shi tukuna, sannan ya kashe intanet ɗin wayar kafin ya miƙa wa yaro.

Abu na uku shi ne lokaci. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da jariran da ba su kai shekara biyu ba a gaban waya ko talabijin, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a yini. Ga waɗanda suka fi haka girma, kowane gida ya san tsarinsa. Yaron Zango yana da lakwal da safe, yana da makarantar allo ko Islamiyya da yamma, ga aike, ga aikin gida. Rabin awa sau biyu ko uku a mako ya wadatar da irin wannan wasa, kuma ya fi kyau a sa shi ranar da babu karatu.

Abin da wasan bai sani ba

Waɗannan wasanni bisa rayuwar ƙasashe masu nisa aka tsara su. A Zango ba haka abin yake ba. Gidan haya guda yakan tara iyali biyar ko shida a kan mita ɗaya, kuma kowa ya san irin maganganun da kan tashi a tsakar gida idan lokacin haɗa kuɗin wuta ya zo: wane yana da firij, wance tana guga kullum, su wane sun bar fitila ta kwana. Zumunci nawa ne ya yi tsami a kan wannan? Ƙarin kuɗin wuta da aka yi a 2025 ya sa lissafin ya ƙara zafi. Yaron da ya bar fanka tana juyawa a ɗakin da ba kowa, da kuɗin maƙwabcinsa yake wasa, kuma mun san matsayin haƙƙin maƙwabci da na almubazzaranci a addininmu.

Haka kuma wasan bai san wayoyin nan da ake ja barkatai daga gida zuwa gida a bayan gari ba, waɗanda mutanen Lome suke kamanta su da saƙar gizo-gizo. Su ne sukan jawo gobara da mutuwa, musamman da damina idan ruwa ya kwanta a lunguna. Dole babba ya faɗa wa yaro da baki cewa wayar da ta faɗo ƙasa ba a matsarta.

Sannan akwai gawayi. Makamashin da ya fi yawa a gidajenmu a kurfoti yake, kuma kowane buhu da ya shigo Lome daga cikin ƙasa bishiyoyi ne aka sare aka turara. Tun 1977 ƙasar Togo ta ware ranar 1 ga Yuni domin dashen itace, amma yaro ba zai ga alaƙar wannan rana da tukunyar uwarsa ba sai an nuna masa. Rufe tukunya da murfi, jiƙa wake kafin a ɗora, kashe ragowar garwashi a adana shi maimakon a bar shi ya zama toka, duk darasin tattalin makamashi ne, kuma iyaye mata sun fi kowace kwamfuta saninsa.

Daga waya zuwa jikin mita

Wasa mafi amfani yana nan manne a bangon gida, wato mitar nan ta biya kafin ka sha da CEET ta raɗa wa suna Lafia, sunan da Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa. Tana nuna adadin kilowat da ya rage, kuma tana da ɗan jan haske mai ƙiftawa, wanda yake ƙara sauri idan an ƙara jona kaya. Bayan yaro ya buga GCompris ko PhET, a kai shi gabanta. Ba zai taɓa komai ba, kallo kawai zai yi. A kashe komai na gida ya ga yadda hasken yake yin sanyi, a kunna fitila ɗaya, sannan fanka, sannan dutsen guga, ya ga yadda ƙiftawar take rikicewa.

Daga nan sai a ba shi littafi da biro a naɗa shi sarkin wuta na gida na mako ɗaya. Kullum bayan sallar isha'i ya rubuta lambar da ta rage, ya cire ta daga ta jiya. Lissafin ba shi da wuya: abin da yake cin wat 1000, idan ya yi awa ɗaya a kunne, ya ci kilowat ɗaya a mita. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60, idan yana kunne awa biyar kowane dare, zai ci kilowat 9 a wata. Ƙwan LED mai wat 9, wanda haskensu kusan ɗaya ne, kilowat 1.35 kawai zai ci. A gida mai ƙwai shida bambancin ya kai kusan kilowat 46 a wata. Idan muka ɗauka, domin sauƙin lissafi, cewa kowane kilowat sefa 100 ne, kuɗin sun kai kusan sefa 4,600. Fanka mai wat 60 da aka bari tana juyawa awa takwas a ɗakin da ba kowa, ta ci fiye da kilowat 14 a wata. Dutsen guga mai wat 1000 kuwa, abin da yake ci a awa ɗaya ya ishi ƙwan LED ya yi fiye da awa 100 a kunne, shi ya sa tara kayan guga a yi su lokaci guda ya fi a riƙa ɗumama shi saboda riga ɗaya.

Wannan lissafi yakan gyara wa manya ma tunani. Sau da yawa maigida yakan yi faɗa a kan cajin salula, alhali cajin waya guda na wata cur bai kai kilowat ɗaya ba. Masu cin wutar gaske su ne duk abin da yake dafawa, ko ɗumamawa, ko sanyayawa: dutsen guga, abin dafa ruwa, firij mai lalatacciyar robar ƙofa, da na'urar sanyaya ɗaki. Idan mako ya cika, a kwatanta da makon da ya wuce. Idan an samu ragi, a ba yaran wani abu daga cikin rarar, ko da kuɗin ƙosai ne, domin su san cewa tattali yana da riba. A gidan haya ana iya karɓa-karɓa tsakanin yaran iyalai, littafin kuma ya zama shaida idan an zo rabon kuɗi.

Kira ga makarantunmu da matasanmu

Ba kowane gida ne yake da kwamfuta ba, kuma wayar uba takan bi shi kasuwa. Amma GCompris ba ya buƙatar sabuwar na'ura, tsohuwar kwamfutar da wani ofis ya ajiye za ta ɗauke shi. Makarantunmu masu haɗa Larabci da Faransanci za su iya ware awa ɗaya a mako, yara huɗu ko biyar su zauna a kan kwamfuta ɗaya, malami yana tambaya suna amsawa. Zaman tare ma ya fi amfani, domin gardamar da za su yi a kan abin da ya kamata a fara kunnawa ita kanta karatu ce. A tabbatar kuma an ba 'yan mata wuri daidai da maza, tun da yake sarrafa wuta da gawayi na gida a hannunsu yakan ƙare.

Wani giɓi da ya rage shi ne na harshe da na wuri. Muna buƙatar wasan da zai yi magana da Hausa, wanda kogin cikinsa Mono ne, gidan cikinsa kuma gidan haya ne mai mita ɗaya da kurfoti a tsakar gida. Wannan bai fi ƙarfin matasanmu ba. A nan Lome ne aka buɗe cibiyar ƙere-ƙere ta WoeLab a 2012, kuma a can ne a 2013 Afate Gnikou ya haɗa na'urar buga abubuwa masu jiki daga tarkacen tsofaffin kwamfutoci, har duniya ta san da shi. Akwai kuma manhajar Scratch, wadda cibiyar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 domin yara su riƙa ƙirƙiro nasu wasannin ta hanyar jera umarni kamar tubali. Kyauta ce, akwai ta da Faransanci, kuma mai yin wasa yana iya rubuta maganganun cikinsa da kowane harshe, har ya naɗi muryarsa ya saka. Ɗalibin lise ɗaya mai himma zai iya fara wannan aiki a hutun ƙarshen shekara.

Gwamnati ta ɗauki alkawarin kai wuta ga kowane gida a ƙasar nan kafin shekarar 2030, kuma tun 2017 ake raba ƙananan na'urorin hasken rana a karkara ƙarƙashin shirin CIZO. Masu amfani da wuta za su ci gaba da ƙaruwa ke nan, kuma yaran da ke tsakar gidajenmu yau su ne za su biya kuɗinta gobe, wasunsu ma su ne za su zama injiniyoyin da za su kula da tashoshin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya ku iyaye, a daren yau kafin a kwanta, ku kira yaran ku nuna musu lambar da ke jikin mita, ku sa su rubuta ta. Allah Ya albarkaci zuriyarmu, Ya sa mana albarka a cikin abin da Ya hore mana, amin.